Kalmomin Turanci uku sun shiga tsakanina da wanda ya koya mini aiki

Assalamu alaikum Anti. Shekarata biyu ina aiki a sashen kuɗi na wata ƙungiya mai zaman kanta. Da Turanci muke rubuta duk rahotanninmu, shugabarmu kuma 'yar Ingila ce. Kwanakin baya aka ce in rubuta bayani kan kuɗin wani horo da aka shirya wa ma'aikata, wanda ya haura abin da aka ware da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. An ƙara kwana ɗaya a kan yadda aka tsara, an kuma biya kuɗin ɗakunan kwana na mutanen da ba su zo ba. Wanda ya kula da horon shi ne babba a cikinmu, shi ya koya mini aiki tun ranar da na fara, Yaya ma nake kiransa. Abin da nake son faɗa kawai shi ne an wuce iyaka, kuma da an yi hattara da wasu kuɗin ba su fita ba. Na duba ƙamus a waya, ya ba ni jerin kalmomi, na zaɓi waɗanda na ga sun fi kama da Turancin manya. Na rubuta cewa ya yi "squander" da kuɗin, na kira yadda yake kashe kuɗi "profligate". Washegari shugaba ta kira shi, ta ce za a binciki takardunsa na shekarar gaba ɗaya. Da na ga ransa ya ɓaci na tura masa saƙon ban haƙuri, na ce ai na san shi "spendthrift" ne, a zatona kalmar tana nufin mai tattali. Ya karanta, bai amsa ba. Sati uku ke nan ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Lissafina gaskiya ne, amma wallahi ban taɓa zarginsa da cin kuɗi ba. Me kalmomin nan suke nufi har suka yi wannan ɓarna? Kuma ta yaya zan gyara ba tare da na ƙaryata rahotona ba?

Ƙanwarki da ke cikin damuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da ya fi taɓa ni shi ne saƙon ban haƙurin, domin kin je ɗinke ɓaraka ne allurar ta ƙara yaga ta. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Abu biyu ne suka cuɗe miki: lissafi da lafazi. Lissafinki daidai ne, kuma aikinki ne ki faɗe shi ko da a kan wa ya faɗa. Lafazin ne ya faɗi abin da ba ki nufa ba. Idan kika raba su, za ki ga wanne za ki riƙe, wanne za ki janye.

Ƙamus na waya ya jera miki kalmomi kamar dai duk ɗaya suke, alhali ba haka ba ne. Da Hausa ba za ki taɓa yin wannan kuskuren ba. Kin san bambancin "ya kashe fiye da abin da aka ba shi" da "yana da sakin hannu", kin san "ya yi facaka" ta fi su zafi, kin san "almubazzari ne" hukunci ne a kan halin mutum, kin kuma san "ya yi sama da faɗi" magana ce da za ta iya kai mutum gaban alƙali. Malamai ma sun daɗe suna bambanta israfi, wato wuce gona da iri a abin da ya halatta, da tabziri, wato zubar da dukiya inda bai kamata ba, kuma aya ta 27 a Suratul Isra'i ta kira masu tabziri 'yan'uwan shaiɗanu. Shi ya sa ba kya jefa wa babba kalmar almubazzari da wasa. Turanci ma yana da irin wannan tsani, mataki bisa mataki. Ke kina son tsayawa a mataki na farko ko na biyu, sai kika taka kusa da na ƙarshe ba ki sani ba.

Matakin ƙasa shi ne kalmomin da ke magana a kan kuɗi su bar mutum: "overspend", "over budget", "exceeded the budget", "cost overrun". Duk suna cewa an ware kaza, an kashe kaza, ga rata. Babu zargi a cikinsu, kuma su ne abincin yau da kullum na masu aikin kuɗi. Sama da su kaɗan akwai "excessive", ya yi yawa, da "unnecessary", ba a buƙatarsa, da "avoidable", ana iya kauce masa. Wannan ta ƙarshe ita ce kalmar da kike nema tun farko game da ɗakunan da aka biya ba a kwana a ciki ba. Sai "wasteful", wadda ta fara ɗaukar zafi, amma har yanzu idan aka jingina ta da kashe kuɗin, aikin take suka, ba ta taɓa mutuncin mai aikin sosai.

Daga nan sai wasu kalmomi masu fuska biyu, waɗanda suke iya zama yabo ko suka gwargwadon inda aka ajiye su. "Lavish" ta samo asali ne daga wata tsohuwar kalmar Faransanci mai nufin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Idan aka ce wani ya yi wa baƙinsa hidima "lavish", ana iya nufin ya yi karamci ne. Idan kuma kuɗin jama'a ya yi hidimar da shi, kalmar ta koma suka. "Extravagant" daga Latin take, haɗin "extra", waje, da "vagari", yawo, wato abin da ya fita yawo bayan iyaka. Tana nufin tsada ko ƙawa da ta wuce buƙata. "Splurge" kuwa kalmar hira ce mai sauƙi, mutum yakan faɗe ta a kan kansa yana murmushi idan ya saya wa kansa wani abu mai tsada sau ɗaya. Ba ta da wuri a rahoto.

Yanzu ga naki. "Squander" ba kashe kuɗi da yawa kawai take nufi ba. Tana nufin an damƙa wa mutum abu mai daraja, ya watsar da shi cikin wauta ko sakaci, har ba abin da aka samu. Ana faɗarta a kan gado, a kan dama, a kan ƙuruciya, a kan amana. Idan kika ce mutum ya yi "squander" da kuɗin horo, mai karatu zai fahimci cewa kuɗin gaba ɗaya ya tafi a banza, horon bai amfani kowa ba. Ga Baturen Ingila kuma kalmar tana da tsohon tabo. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1943, hukumar da ke ƙarfafa tanadi a Birtaniya ta fito da zanen wani mummunan ƙwaro mai suna "Squander Bug", jikinsa cike da tambarin 'yan Nazi, yana raɗa wa masu sayayya su kashe kuɗinsu a kan abin banza maimakon su ba gwamnati rance don yaƙi. Kin ga irin wurin da kalmar take zaune a harshen.

"Profligate" ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Tushenta a Latin yana nufin a kayar da abu ƙasa, a rusa shi. Kafin a riƙa amfani da ita a kan kuɗi, ana kiran mutumin da ya lalace ne da ita, wanda ya saki kansa ga shaye-shaye da caca da neman mata, ba kunya ba tsoro. Wannan warin bai bar ta ba har yau. Jaridu sukan jefa wa gwamnatoci ita idan suna son su nuna cewa ana watanda da dukiyar jama'a ba tare da damuwa da gobe ba. Ki ɗora wannan a kan mutumin da ya yi shekaru yana riƙe da takardun ƙungiya. Kin kuma rubuta ta ne a kan yadda yake kashe kuɗi gaba ɗaya, ba a kan horo ɗaya ba, wanda ke nufin ɗabi'a ce. Shugabarku da ta karanta, abin da ta ji shi ne ma'aikaciyar kuɗi tana gaya mata cewa wannan mutum ya saba, kuma ba ya jin komai. Shi ya sa ta nemi takardun shekara guda maimakon na horon kaɗai.

"Spendthrift" kuwa tarko ce da ta kama mutane da yawa, har da waɗanda aka haifa cikin harshen. Kin ga "thrift" a wutsiyarta, kin san "thrifty" mai tattali ne, sai kika ɗauka 'yan gida ɗaya ne. A tsohon Turanci "thrift" tana nufin abin da mutum ya tara, wato arzikinsa. "Spendthrift" shi ne wanda ya kashe abin da aka tara, almubazzari tsantsa. A dokar Amurka har akwai wani tsarin ajiyar gado da ake kira "spendthrift trust", inda ake damƙa dukiya a hannun amintacce yana ba magajin kaɗan-kaɗan, don kada ya cinye ta ko masu bin sa bashi su kwashe. To, ki duba saƙonki da idon Yaya: ga rahoto ya ɓata shi a gaban shugaba, ga kuma saƙo daga wadda ya koya wa aiki tana cewa ta san shi almubazzari ne. Babu yadda za a yi ya gane haƙuri kike bayarwa. A wurinsa gishiri kika zuba a gyambo. Kalmar da kike so ita ce "thrifty", ko "frugal", ko "careful with money". Ki kiyayi "stingy" da "miserly", su rowa ce da maƙo. Tun da muna kan tarkuna, ki riƙe "prodigal" ma. Mutane da yawa suna zaton tana nufin wanda ya ɓata ya dawo gida, saboda labarin ɗan da ya koma wurin mahaifinsa a babi na 15 na Linjilar Luka. Ainihin ma'anarta ita ce wanda ya yi wadaƙa da dukiya. Yaron ya samu sunan ne saboda cinye rabonsa na gado, ba saboda dawowarsa ba.

Akwai wani mataki a saman duk waɗannan, wanda Allah ya tsare ba ki taka ba: "misappropriate" da "embezzle". Su almundahana ce da satar abin da aka ba mutum amana, laifi ne a gaban kotu. Masu binciken kuɗi suna kula ƙwarai da wannan shinge. Ofishin binciken kuɗin gwamnatin Amurka yana raba zamba da ɓarna, yana kuma bayyana cewa ana iya yin ɓarna ba tare da an karya doka ba. Dokar kula da kuɗin gwamnati ta Afirka ta Kudu ta 1999 ta kasa kashe kuɗin da bai dace ba gida uku: "unauthorised", wanda ya wuce abin da aka amince ko aka kashe ba a kan abin da aka ware shi ba, "irregular", wanda bai bi ƙa'ida ba, da "fruitless and wasteful", wanda ya tafi a banza kuma da an yi hattara da ba a kashe shi ba. Ki lura, duk ukun suna siffanta kuɗin ne, babu wadda ta siffanta mutum. Wannan ita ce al'adar sana'arki da kowane harshe. Mai rahoton kuɗi yana faɗin abin da ya faru da kuɗi, ya bar hukunta hali ga waɗanda aka ɗora wa wannan nauyi.

Kada ki ga laifin shugabarku. Da ta karanta irin waɗannan kalmomi ta yi shiru, da ita ce ta yi sakaci. Kuɗin ƙungiya irin taku na wasu ne da suka bayar, kuma za a tambaye ta. Kada kuma ki ga shirun Yaya a matsayin girman kai. Mutumin da ya koya miki aiki yana sa ran idan kin ga kuskure a wurinsa za ki fara zuwa ki tambaye shi: Yaya, me ya sa aka ƙara kwana, me ya faru da ɗakunan nan? Wataƙila yana da amsa. Wataƙila mai horarwa ne ya makara, wataƙila masaukin ba ya mayar da kuɗi idan an fasa a ƙurarren lokaci. Ba ki ce kin tambaye shi ba kafin ki rubuta, kuma ina jin wannan ya yi masa ciwo kusan kamar kalmomin. Tambayar ba za ta hana ki rubuta gaskiya ba, za ta sa rahoton ya cika ne da bayaninsa a ciki. Shi ma yana da nasa: kuɗi ya haura, wasu sun fita ba dalili, kuma girma ba ya hana a tambayi mutum.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ki yi wa kanki ke kaɗai. Kin ce kin zaɓi kalmomin da suka fi kama da Turancin manya. Na fahimci wannan sosai. Ƙaramar ma'aikaciya da ke rubuta wa shugaba da harshen shugabar tana son a ga ta iya. Ba aibi ba ne. Amma ki duba ko a ƙasan wannan akwai ɗan haushin da kike ji game da yadda aka tafiyar da horon. Idan akwai, ki san da shi kafin ki je wurinsa, don kada ya fito a bakinki a lokacin da kike neman sulhu.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki fara da shugaba, kuma a rubuce, domin a rubuce ɓarnar ta shiga fayil, a rubuce ya kamata gyaran ya shiga. Ki yi shi cikin kwana ɗaya ko biyu, gajere. Ki ce alƙaluman rahotonki suna nan yadda suke, amma kin yi amfani da kalmomi biyu da ba ki san nauyinsu ba, kina roƙon a maye gurbinsu. Jimla uku sun isa: "The training exceeded its approved budget by about a quarter. Some of the costs were avoidable. I did not intend to suggest dishonesty or a pattern of misconduct." Ma'anarsu: horon ya haura kasafinsa da kusan kwata, ana iya kauce wa wasu kuɗin, kuma ba ki nufi rashin gaskiya ko wata mummunar ɗabi'a ba. Ki haɗa da jerin abubuwan da suka jawo ƙarin, kowanne da adadinsa. Na ce ki fara da ita ne saboda bincike yana gudana. Idan kika fara zama da Yaya sannan gyara ya biyo baya, wani zai iya cewa shi ya matsa miki, wannan kuma zai cutar da ku duka. Kada ki ji kunyar cewa ba ki san kalmar ba. Shugabar da ke aiki da mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne ta san irin wannan yana faruwa, kuma za ta fi amincewa da wadda ta dawo ta gyara da kanta.

Bayan kin aika, sai ki nemi Yaya ido da ido. Ba saƙon waya, ba Turanci. Ki same shi lokacin da ba kowa, ki gaishe shi yadda kika saba, ki ce: Yaya, na zo ne in ba ka haƙuri da harshen da na iya. Ki miƙa masa kwafin abin da kika aika wa shugaba ya karanta da idonsa. Sannan ki buɗe masa ƙamus a kan "thrifty" da "spendthrift" gefe da gefe, ki ce ta farkon kike nufi. Wannan ɗan abin zai yi aiki fiye da dogon bayani, domin zai ga yadda kuskuren ya auku. Ki kuma ba shi haƙuri a kan rashin tambayarsa tun farko, ki ambaci laifin da sunansa, kada ki bar shi a dunƙule. Abin da ba za ki ce ba shi ne lissafin kuskure ne, ko da kin ga faɗin haka zai sanyaya masa rai a take. Idan ya tambaye ki ko har yanzu kina ganin an yi asarar kuɗi, ki ce e, a kan ɗakunan, kuma kina son jin yadda abin ya faru.

Yana iya yiwuwa ya karɓa a ranar, yana iya yiwuwa ya ce ba komai alhali akwai komai. Ki ba shi lokaci. Wanda aka taɓa wa suna ba ya hucewa da zama ɗaya, musamman ana tsakiyar juya takardunsa. Idan ya ƙi zama da ke sam, ki nemi wani babba a ofis da ku biyun kuke ganin girmansa ya kai masa takardar da bayanin, ke kuma ki ci gaba da gaishe shi kullum ko ya amsa ko bai amsa ba. Binciken kuwa ba a hannunki yake ba, kada ki yi ƙoƙarin tsayar da shi. Idan takardunsa tsaf suke, binciken ne zai wanke shi fiye da duk abin da za ki faɗa. Idan kuma aka samu wani abu daban, ba kalmominki suka sa shi a wurin ba.

Don gaba, ki bar ƙamus mai jera kalmomi masu kama da juna, ki koma ga wanda aka yi don masu koyon harshe, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda aka fara bugawa a 1948 kuma yana nan a intanet. Amfaninsa shi ne yana sa ɗan tambari a gaban kalma: "formal" idan ta takarda ce, "informal" idan ta hira ce, "disapproving" idan tana ɗauke da suka. Da kin duba "profligate" da "spendthrift" a can, da kin ga wannan tambari na ƙarshe a kansu. Ki karanta jimlolin misali ma, ki ga da waɗanne irin mutane ake haɗa kalmar. Kafin ki aika kowane rahoto da ya ambaci sunan wani, ki ɗauki kowace siffa da kika rubuta ki mayar da ita Hausa a ranki, ki tambayi kanki ko za ki iya faɗarta a gaban mutumin. Wadda kika kasa mayarwa, ba ki san ta ba tukuna, ki cire ta ki sa adadi a gurbinta.

Ki rubuto mini bayan kin zauna da shi, ina son jin abin da ya ce game da ɗakunan. Allah ya daidaita tsakaninku.